Ranar da Ban Busa Usur Ba a Rami na Sha Huɗu

Duk shekara sai an kawo mini sababbin samari in koya musu aikin kadi, wato ɗaukar wa mai wasan golf jakar sandunansa. Duk shekara kuma sai na ji wani a cikinsu yana raɗa wa ɗan'uwansa cewa wannan ai ba aiki ba ne, yawo ne a kan ciyawa mai laushi a bayan manya. Ba na musu da kowa. Nakan rataya wa mutum jaka in ce mu je. Kafin rami na tara kafaɗarsa ta ba shi rabin amsa. Ɗaya rabin ne nake so in rubuta muku a nan, domin ban taɓa iya faɗarsa da baki a gabanku ba.

A Kaduna na fara, lokacin da babu ciyawa a bakin rami. Yashi ake cakuɗawa da baƙin mai a shimfiɗa, kadi ya ja buhu a kai ya share sawun ƙafa kafin ubangidansa ya buga. Wanda ya koya mini, Baba Audu, sai da ya yi wata uku bai bar ni na taɓa jaka ba. Aikina kawai in bi shi a baya, idan an buga in faɗi inda ƙwallo ta faɗa. In na ce tana wajen bishiyar can, sai ya ce, "Wace bishiya? Dajin nan bishiya ɗaya Allah ya yi masa?" A wurinsa na koyi tsayawa inda inuwata ba za ta hau hanyar ƙwallo ba, da dafe bakin jaka da hannu don kada sanduna su yi ƙara, da jiƙa gefe ɗaya na tawul a bar ɗaya busasshe. Shi ya koya mini jan manjagara a ramin yashi ina tafiya da baya, har wurin ya koma kamar ba a taɓa taka shi ba.

Sanduna goma sha huɗu ne a jaka. Akwai direba mai katon kai, na bugun farko. Akwai ƙarafa masu lamba, kowanne da nisan da yake kaiwa. Akwai fota, ta tura ƙwallo cikin rami a kan lallausar ciyawar da muke kira girin. Wannan kowa zai haddace shi cikin mako guda. Abin da yake cin shekaru shi ne sanin mutumin da kake ɗaukar wa jaka. Ka san yadi nawa yake kaiwa da kowace sanda, ba yadin da yake faɗa wa abokansa ba. Ka san ko ƙwallonsa dama take karkata ko hagu, da yadda bugunsa yake canzawa in ya gaji, ko in an kira shi a waya daga ofis. Kadin da ya san mutuminsa yakan zaro sanda tun kafin a tambaye shi. Da wannan sanin nake alfahari, kuma shi ne ya kai ni ƙasa.

Wani injiniya na kamfanin gina hanya ne ya fitar da ni daga Kaduna. Na zama direbansa a ranakun aiki, kadinsa a ƙarshen mako, na bi shi Legas, Ankara, Abijan, Nairobi, har Alƙahira. A hanya na tsinci Yarbanci da Faransanci da ɗan Sawahili da Larabcin kasuwa, ban da Turanci. Saboda haka na ji an zagi ƙwallo da harsuna da yawa, kuma ina tabbatar muku ƙwallo ba ta jin ko ɗaya. A Abijan na ga mutum ya sari ciyawa da sanda don haushi, sannan ya durƙusa da kansa ya mayar da ita yana ba mai lambu haƙuri. A Nairobi wani ya karya ƙarfe mai lamba bakwai a gwiwarsa, ya zuba gutsattsarin a jaka, ya ci gaba da wasansa har aka tashi. A can kuma na ga shugaban kadi ya je ya sauke jaka daga kafaɗar yaronsa ya ajiye a gaban mai ita, ya ce yau kai za ka ɗauka, tunda ka zage shi. Masu fushi suna ko'ina. Abin da ya bambanta shi ne inda ake barin fushin ya sauka.

Da na dawo gida na kama aiki a wani fili a nan Abuja, sai na tarar a wurinmu fushi gangara yake bi. Mutumin da ya saba a share masa hanya daga Litinin zuwa Juma'a ba ya iya ajiye wannan hali a bakin ƙofa ranar Asabar. Zai amsa waya a kan girin ana shirin bugu. Zai fita daga ramin yashi ya bar sawunsa kamar shanu sun bi. In ƙwallo ta faɗa ruwa, kadi ne ya ba shi sandar banza. Ba dukansu ba ne, akwai mutanen kirki da yawa, amma marasa haƙurin su ake ji. Mu kuma kadi muna da tamu al'adar da take raino wannan hali: ba ka gyara wa ubangidanka a gaban mutane, ba ka kai ƙararsa, kuma ba ka ba da shaida a kan kadi ɗan'uwanka.

Shekara takwas na ɗauki jakar wani babban ma'aikacin gwamnati da muke kira Darakta. A wajen fili ba ka da abin faɗa a kansa. Yakan gaisa da masu gadi da sunayensu, ba ya jinkirta salla, da matata ta kwanta ciwo har gida ya zo dubiya. Amma da ya sa safar hannu sai ya zama wani mutum. Yakan jefar da sanda, ya buga ƙafa, ya ce wa wanda ya yi tari a bayansa ya je asibiti ya bar mutane su yi wasa. Kadi uku suka gudu daga jakarsa kafin ni. Ni na zauna, domin na iya shi. In ya jefar da sanda nakan ɗauko in goge ba tare da na kalle shi ba. In ya ce iska ce, nakan ce lallai iska ce, ko da ganye ɗaya bai motsa ba. Ina ganin gwaninta nake yi. Ban lura ba cewa duk tunanina a fili ya koma kan abu ɗaya, yadda zan hana Darakta jira.

Rami na sha huɗu a filinmu makaho ne. Daga wurin bugun farko ba ka ganin inda ƙwallo za ta sauka, domin akwai tudu a tsakani. Saboda haka dokar ita ce kadi ɗaya ya riga kowa, ya hau tudun ya tsaya a gindin wata ɗorawa. In akwai 'yan wasa a gaba ya jira su wuce. In ma'aikatan fili ne, ya busa usur sau biyu, su kwashe kayansu su koma bayan bishiyoyi, su ɗaga masa hannu. Sai a sannan zai ɗaga farin tawul, a buga. Duk abin ba ya wuce minti biyu ko uku. Ma'aikacin da ya ji usur ya ƙi tashi, korarsa ake yi, domin an ce yana jefa kansa da kulob cikin haɗari.

Mai gyaran wannan gefen fili sunansa Danladi, Bagwari ne daga wajen Jiwa, manomin doya, mai 'ya'ya huɗu a makaranta. Aikinsa bin duk inda sanda ta fasa ciyawa, ya cike da yashi da iri, ya danne da tafin hannu. Bokiti ɗaya da ƙaramin shebur su ne kayan aikinsa. Mun saba da shi ƙwarai. In na wuce da Darakta yana huci, Danladi yakan ce a hankali, "Malam Sule, yau ma oga ya zo noma ne? Ka ce masa gonana yana nan, ya zo ya yi mini huɗa."

Ranar Asabar ce da safe, cikin bazara, ƙasa ta bushe ta yi tauri kamar siminti. Darakta yana wasa da abokinsa, wani likita mai ritaya da muke kira Dokta. Waɗanda suke gabanmu ba su da sauri, tun daga rami na uku muke jiransu. A rami na sha biyu Darakta ya buga fota sau uku kafin ƙwallo ta shiga, ya wurga sandar ta faɗa cikin ciyawar bakin tafki, na shiga na ɗauko. Dokta ya ce masa, "Alhaji, wasa fa muka zo yi. Hawan jininka ni nake rubuta masa magani." Ya ce, "Dokta, don Allah rabu da ni." Da muka iso na sha huɗu ya ce mini, "Sule, hau can, kuma kada ka kwana."

Na hau. 'Yan wasan gaba sun wuce. Danladi kaɗai ne a fili, a durƙushe da bokitinsa. Usur yana rataye a wuyana, na kai hannu kansa. Sai na ji muryar Darakta daga ƙasa: "Sule! Tsayuwa aka aike ka yi? Ɗaga mana mana!" Na waiwaya na gan shi yana dukan ƙasa da kan direba.

Ga lissafin da na yi, kuma wanda bai san aikin ba ba zai taɓa yin sa ba. Danladi yana wajen yadi ɗari biyu da talatin daga wurin bugu, Darakta kuwa a shekara takwas ban taɓa ganin ya wuce ɗari da casa'in ba. Danladi yana gefen hagu, ƙwallon Darakta kullum dama take karkata. Sannan mutum mai fushi ba ya bugu mai kyau, wannan kowane kadi ya sani. In na busa, sai Danladi ya tattara kaya, ya taka zuwa bishiyoyi, minti uku, Darakta kuma ya huce haushinsa a kaina har rami na sha takwas. Na saki usur na ɗaga tawul.

Kadi da kunne yake gane bugu. Da na ji ƙarar na san wannan ba irin wadda na saba ji ba ce. Ƙwallon ta wuce saman kaina a miƙe, ba ta karkata ko'ina ba. Na ƙwala kiran gargaɗin da ake yi a kowane fili a duniya, "Fo!" Da ban kira ba, wataƙila a kafaɗa za ta same shi. Da ya ji muryata sai ya ɗago ya juyo. Ƙwallon ta dira a busasshiyar ƙasa sau ɗaya, ta tashi ta same shi a idon dama.

Bayan ni, Dokta ne ya fara isa wurinsa, da gudu, da tsufansa. Ya naɗe fuskar da tawul ɗina, aka kawo mota, ya shiga da shi suka tafi. Darakta da ya iso abin da ya fara cewa shi ne, "Me yake yi a nan?" Ya tsaya ya ga motar ta fita. Sannan ya juyo ya tambaye ni inda ƙwallonsa ta tsaya. Na nuna masa. Na duba nisan, na zaro ƙarfe mai lamba takwas, na goge, na miƙa masa. Na ɗauki jakarsa har rami na sha takwas.

A wurin ajiye motoci, ina sa jaka a but ɗin motarsa, Darakta ya ce, "Ka busa usur, ko ba haka ba?" Bai kalle ni ba. Na ce, "Na busa, ranka ya daɗe." Ya ce, "Na ji kuwa."

Ranar Talata kwamitin kulob ya zauna. Shugabansa, wanda ake kira Kyaftin, wani lauya ne mai magana a hankali. Ya tambaye ni ko na busa, na ce na busa sau biyu. Darakta ya ce ya ji. Dokta ya ce shi yana neman safar hannunsa a lokacin, ba zai rantse ya ji ba, ba zai rantse bai ji ba. Aka tambayi kadin Dokta, ya dubi ƙasa ya ce Malam Sule ba ya mantuwa. Danladi yana kwance a asibiti a Gwagwalada, ba wanda ya je ya tambaye shi. Aka rubuta cewa ya ji gargaɗi ya ƙi tashi, kulob zai kula da jinyarsa don tausayi, amma aikinsa ya ƙare.

Bayan kwana biyar na tafi duba shi. Na tsaya a Zuba na sayi lemo cikin leda. Na tarar da shi a zaune a kan gado, rabin fuskarsa a naɗe, matarsa Saraya tana zaune a kan tabarma. Idon ya tafi, likitoci sun gaya musu.

Ya ce, "A'a, Malam Sule. Lemo ka kawo? Da ido ka samo mini a Zuba ai da ya fi. An ce ba abin da ba a sayarwa a can."

Na yi abin da ya yi kama da dariya. Na ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Na ce yaya yara, ya ce suna gida. Sai ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya zaro takardar sallama da kulob ya aiko masa, ya ɗora a kan cinyarsa, bai buɗe ba.

Ya ce, "Sun ce ka busa."



Ya ƙara da cewa, "Ni dai ido ne ya lalace, kunnena biyu yana nan lafiya. Na gan ka tun da ka hau tudu. Na ce a raina, Malam Sule ne, in zai ɗaga tawul sai ya busa. Shi ya sa na sunkuya na ci gaba da aiki. Da wani ne ya hau, da na tashi tun kafin."

Bai roƙe ni komai ba. Ya mayar da takardar inda take. Da na miƙe zan tafi, Saraya ta ɗauki ledar ta miƙo mini, ta ce, "Baba, ka manta lemonka."

Ina so in rubuta muku cewa daga can ofishin Kyaftin na wuce, amma ba haka aka yi ba. Kwana tara na ƙara. A cikinsu na ɗauki jakar Darakta sau biyu, na hau tudun nan sau biyu, na ga wani sabon mutum da bokitin Danladi. Ranar ta goma na sami Kyaftin yana ɗaure takalmi a baranda, na ce ina da magana.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban busa ba."

Ya gama ɗaure takalmin tukuna. Ya ce, "Ka manta ne?"

Na ce, "Ban manta ba. Na gan shi. Na auna na ga ƙwallon ba za ta kai ba."

Ya ce, "Sule, shekara nawa kana wannan aiki?" Na faɗa masa. Ya ce, "Da sabon yaro ne, da ya busa."

Aka sake zama. Aka mayar wa Danladi aikinsa. Darakta aka rubuta masa wasiƙa, ban san abin da ke cikinta ba, na dai san Asabar ɗin da ta biyo ya yi wasa. Ni aka karɓe rigata da lambata, aka ce kada in taka filin sai bayan shekara guda. Ina fita na haɗu da Darakta a bakin ƙofa. Ya sauke gilashin mota ya ce, "Shekara takwas, Sule, ka rasa wanda za ka kunyata sai ni." Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na ɗaga tawul." Ya ɗaga gilashi, kuma wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Wannan shekarar a Zuba na yi ta, ina sauke kankana da abarba daga motocin kaya, ina da shekara hamsin da wani abu. Jakar golf a kafaɗa ɗaya take zama, tana da maɗauri mai soso. Kwandon lemo a ka yake zama, kuma ba wanda yake jira ka gyara shi. Bayana bai sake komawa daidai ba. A can na ji Tibanci da Ibo sun shiga kunnena, na koyi gane kankanar da ta nuna da ƙwanƙwasawa. Kadin filinmu kuwa, in muka haɗu a tasha, da yawansu sukan juya kai. Ba don ƙaryar da na yi ba. Don na warware ta ne, na bar wanda ya rufa mini asiri a gaban kwamiti shi ma ya zama maƙaryaci. Wannan ma ina da laifinsa, ni na sa shi a ciki.

Da shekara ta cika Dokta ne ya ce a ba shi ni. Ranar farko da na dawo, da muka iso rami na sha huɗu, na hau tudun na tsaya a gindin ɗorawa. Danladi yana can ƙasa da bokitinsa, ya sa baƙin tabarau, yana karkata kai gefe ɗaya don ya ga abin da hannunsa yake yi. Ya ɗago ya ga wanda ya hau. Kafin usur ya kai bakina ya riga ya miƙe, ya ɗauki bokiti da shebur, ya wuce bishiyoyin da ake tsayawa, ya ƙara gaba har bayan wani dutse.

Muna gaisawa da shi har yau. Yakan tambayi iyalina, in tambayi nasa, babbar 'yarsa ta gama makarantar koyon jinya. Bai taɓa tayar da maganar ba. Na tsaya daga nesa na lura da shi sau da yawa: in wani kadi ne ya hau tudun, ko sabon da ya zo jiya ne, Danladi yakan ci gaba da aikinsa sai ya ji usur sannan ya tashi. In ni ne, ba ya jira. Nakan busa sau biyu duk da haka, a kan fili babu kowa, in tsaya sai ya ɗago mini hannu daga bayan dutsen, sannan in ɗaga tawul.